Kifi ya zo, wurin tsayawa ya gagara: muhawara kan cunkoson masu fatsa a Kogin Kenai

Baban Sadik, Ankorej:
Salamu alaikum jama'a. Magana ce da ni a kan kamun kifin salmon a nan Alaska, kuma na san Maman Hanif ba za ta yarda da ni ba, shi ya sa na kawo ta gaban kowa. A ganina lokaci ya yi da za a ƙayyade yawan mutanen da ke shiga mahaɗar Kogin Rasha da Kogin Kenai a kowace rana. Mutum ya yi rajista tun daga gida, in adadi ya cika a rufe ƙofa sai gobe.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, tafiyar kamar awa biyu ce a mota daga Ankorej, kusa da wani ɗan gari da ake kira Cooper Landing. Ranar 11 ga Yuni ake buɗe kamun jan salmon a can. Daga ranar nan in kifi ya shigo sosai, za ka tarar da mutane sun jeru a cikin ruwa har gwiwa, kowa sanye da wandon roba, kafaɗa na gogar kafaɗa, iya ganinka. Tsakaninka da na kusa da kai tsawon sandar fatsa ma bai kai ba. Dole ku riƙa jefa zare a tare, ku ja a tare, in ba haka ba zaruruwa su sarƙe a yi ta cacar baki. Wanda ya kama sai ya yi ihu, na ƙasa da shi su janye nasu har ya fito da kifinsa, kafin ya juyo wani ya maye gurbinsa. Jirgin fiton da ke tsallakar da mutane layi, wurin ajiye mota layi, banɗaki ma layi. Duk wannan a kan kifi uku, don uku doka ta ba ka a rana sai in hukuma ta ƙara. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Auta, Kano:
Wa alaikumus salam. Yaya, wai da gaske Bature da kuɗinsa zai tsaya a ruwan sanyi yana turereniya saboda kifi uku? Kasuwa ba ta ci ne a can?

Baban Sadik, Ankorej:
Tana ci mana, ƙanena. Wasu ma daga Jamus suke zuwa, kuɗin jirginsu kaɗai zai cika musu firiza biyu. Sha'awa ce. In jan salmon ya ja zarenka sau ɗaya ya yi tsalle sama, ka gama yawo.

Maman Hanif, Soldotna:
Baban Sadik, sannu da ƙoƙari. Tun da ka kira sunana ga ni. Tambaya ɗaya zan fara yi maka: ran da aka fara rajistar nan, wa kake ganin zai samu gurbi? Ni na sani. Kamfanonin yawon buɗe ido da ke da yara a gaban kwamfuta dare da rana, da mai kuɗin da ya tsara hutunsa wata shida kafin lokaci. Wanda ya tashi aiki ƙarfe biyar na yamma ya ji an ce kifi ya shigo, ya ɗauki sanda ya kama hanya, shi an gama da shi. Kuma kifin nan ba ya aiko da goron gayyata. Za ka iya yin rajistar ranar Talata ka je ka tarar da ruwa fayau, ranar Alhamis ya cika maƙil. Cunkoson da kake gani ai labari ne ke kawo shi, ran da babu kifi kai kaɗai za ka tsaya kana hira da tsuntsaye.

Sannan ka manta an riga an ƙayyade, ba a dai kira shi da wannan sunan ba ne. Wurin ajiye motoci in ya cika sai wani ya fita kake shiga. Sansanin kwana sai ka kama wuri tun da wuri. To me kuma ya rage?

Baban Sadik, Ankorej:
Hajiya, abin da ya rage shi ne mutum ya koma gida da idonsa biyu. Ke da ke Soldotna kin fi ni sanin mutum-mutumin nan na asibitinku da ake saƙala wa ƙugiyoyin da aka ciro daga jikin mutane.

Maman Hanif, Soldotna:
Na san shi, kafin kaka ya cika taf, kunne da hanci da leɓe. Shi ya sa kowa ke sa tabarau da hula a bakin ruwa. Amma maganin wannan koyarwa ce, ba kulle ƙofa ba.

Auta, Kano:
Ku tsaya. Ta yaya ƙugiya ke kama kunnen mutum? Ba cikin ruwa take zaune tana jiran kifi ya haɗiye ba?

Baban Sadik, Ankorej:
A'a, wannan ba irin fatsar da ka sani ba ce ta sa tana ka zauna a gindin bishiya. Jan salmon in ya baro teku ya shigo kogi ya daina cin abinci ke nan har ya mutu. Haihuwa kawai ta kawo shi. Yana tafe kusa da gaɓa yana buɗe baki yana rufewa, kai kuma sai ka wurga zare gabansa da 'yar dalma, ruwa ya ja zaren ya ratsa ta bakinsa, ka fizga, ƙugiya ta kama gefen baki. Haka za ka yi ta wurgawa kana fizga ba hutawa. In ka fizga babu kifi, ko kifi ya kuɓuce zare na ɗaure tamau, dalma da ƙugiya sai su taso da gudu, duk wanda suka samu shi ke nan. Kuma doka ta ce sai a baki. In ta kama shi a baya ko a ciki ko a wutsiya, dole ka sake shi ko da ka kwana kana nema. A wajen Kogin Rasha har girman ƙugiyar an ƙayyade, kuma ba a yarda ka sa mata wani abin ci ba.

Baba Bakabe, Argungu:
Ina ta saurarenku ɗiyana. Ni dariya wagga magana taka ba ni. Mutum ɗari nawa ag ga wurin da kuka kira cunkoso? Ku taho Matan Fada ran da aka buga bindiga ku ga dubban mutane sun faɗa ruwa da homa da gora, ba ka ganin ruwan ma sai kawuna. Tun 1934 aka yin haka, ba wanda ya ce a yi rajista. Abin da ya riƙe muna kifi shi ne Sarkin Ruwa na hana shiga wurin har shekara ta zagayo, in an buɗe kuma bai wuce awa guda ba an tashi. Wato lokaci aka tsarewa, ba mutane ba. Kai Baban Sadik mutane kaka son ka tsare.

Dakta, Abadin:
Allah ya ƙara girma, Baba. Maganarka ta yi kusa da yadda Alaska ke yi fiye da yadda kake zato, sai dai su ba za su iya rufe ruwa su buɗe na awa ɗaya ba, domin kifinsu matafiyi ne, wucewa yake yi. Abin da suke yi shi ne ƙirga. Hukumar Kifi da Namun Daji ta jihar tana da na'urar da ke ƙirga kifi da amon sauti a mil na 19 daga bakin Kenai, sannan akwai shinge a saman Kogin Rasha inda ake ƙirga waɗanda suka tsira suka wuce. Ga ayarin farko na Kogin Rasha, burinsu kifi 22,000 zuwa 42,000 su wuce su yi ƙwai. In sun ga za a haura haka, sai su fitar da sanarwar gaggawa su ƙara wa kowa rabo daga uku zuwa shida. In sun ga ba za a kai ba, su rage ko su rufe. Saboda haka in dai maganar jan salmon ce, yawan masu fatsa bai ƙarar da shi ba. Ayarin Yuli na babban kogin yakan haura miliyan ɗaya a gaban na'urar nan, bayan masu taru sun ɗebi nasu a teku.

Baban Sadik, ka raba abu biyu. Akwai lafiyar kifi, akwai jin daɗin mai kamu. Kukanka na biyun ne, kuma kuka ne mai ma'ana, amma kada ka sa masa rigar na farko.

Baban Sadik, Ankorej:
Dakta, ban yarda an raba su haka tsaf ba. Gaɓar kogi fa? Kai ka fi ni sanin 'ya'yan sarkin salmon, wato irin salmon ɗin da ya fi kowanne girma, a bakin gaɓa suke rayuwa, cikin saiwoyi da ciyawar da ta sunkuyo kan ruwa, nan suke fakewa daga ƙarfin ruwa. Dubban takalma su bi ta kan ciyawar nan, ta mutu, ƙasa ta zaizaye ta rufta. Ba don haka aka kashe kuɗi aka shimfiɗa gadojin ƙarfe masu huji-huji da matakala zuwa cikin ruwa ba? Ba don haka ake hana tsayawa a wasu gaɓoɓin a tsakiyar lokacin kamu ba? In taro ba ya ɓarna, me ya kawo wannan duka?

Dakta, Abadin:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ka lura da maganin da aka yi: an canza inda ƙafa ke takawa, ba a rage yawan ƙafafu ba. Haka aka yi da jirage. Da aka ga igiyar ruwan da injina ke tayarwa tana cin gaɓa, kuma man tsofaffin injina yana gurɓata ruwa, sai aka ƙayyade ƙarfin inji kada ya wuce doki 50, aka hana tsofaffin masu hayaƙi. Masu yi wa baƙi jagora a jirgi an yanka musu awoyi, an hana su wasu ranaku. Duk dabara an yi, ban da a ce wa ɗan ƙasa kada ka zo.

Kuma akwai dalili. Kafin Alaska ta zama jiha a 1959, manyan kamfanonin gwangwani na Siyatil da San Faransisko ne ke kafa tarkuna a mashigar koguna suna kwashe kifi, 'yan ƙasa na kallo. Haushin wannan na cikin abin da ya sa suka nemi jiha, kuma suna samu suka haramta tarkunan. Kundin tsarin mulkinsu, a babi na takwas, ya ce kifi da namun daji da ruwa na jama'a ne gaba ɗaya. Duk wanda ya zo da maganar rufe wa wasu ƙofa, wannan tarihin yake takawa.

Maman Hanif, Soldotna:
Allah ya saka da alheri, Dakta. Ka faɗa masa da turancin da zai ji.

Alhaji Direba, Niyok:
Ku bari in sa baki, don mu ma muna da namu a nan. Garin Pulaski, arewacin jihar Niyok, tafiyar wajen awa biyar daga birni. Kogin ma sunansa Kogin Salmon. Namu ba daga teku suke zuwa ba, daga Tabkin Ontariyo ne, kuma da yawa daga cikinsu gwamnati ce ke ƙyanƙyashe su a Altmar ta zuba. Satumba da Oktoba in ka je tsakiyar gari, kan gada 'yan kallo, ƙarƙashin gada masu fatsa kamar an yi shela. Amma daga ƙasan gari zuwa kusa da bakin tabki akwai wani yanki mai zaman kansa, sunansa Douglaston, ka biya kuɗi ka shiga, kuma suna da adadin da ba sa wucewa a rana. To abin da Baban Sadik ke so ke nan. Na shiga, wallahi akwai daɗi. Fili, natsuwa, ba mai taka maka ƙafa. Amma ka dubi waɗanda ke ciki ka dubi waɗanda ke ƙarƙashin gada, ba sai an gaya maka wa ke da abin hannu ba. Ni dai ran da aljihu ya yi nauyi ina can, ran da ya yi sauƙi ina ƙarƙashin gada da 'yan uwana talakawa.

Dakta, Abadin:
Alhaji, ai naku da sauƙi. A nan Sikotlan haƙƙin kamun salmon dukiya ce da ake saya ake gada kamar gona. An yanka koguna irin su Tay da Spey da Dee gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da mai ita, da adadin sandunan da ya yarda su shiga a rana. Babu cunkoso ko kaɗan. Ranar Lahadi ma doka ta hana kamun salmon gaba ɗaya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka kama mayar da shi ruwa ake yi. Da wannan duka kifin raguwa yake ta yi. Nowe ma tsarinsu na masu gaɓa ne da sayar da kati, amma a watan Yunin 2024 sai da hukuma ta rufe koguna 33 rana tsaka, har da Gaula da Orkla, saboda kifin bai dawo ba. Can babbar matsalarsu ƙwarƙwatar ruwa ce da ke yaɗuwa daga gonakin kifi na cikin teku.

Baba Bakabe, Argungu:
Tsaya Dakta. A kama kifi a maishe shi ruwa? Don mi? Wahalad da dabba ke nan ba gaira ba dalili. Mu in kifi ya shiga homa ya shiga tukunya.

Dakta, Abadin:
Baba, ba kai kaɗai ke faɗin haka ba. Da yawa daga 'yan asalin Alaska haka suke gani, cewa wasa da abinci ne, rashin ladabi ne ga kifin da ya ba da kansa. Masu yi kuma suna cewa gara a sake shi ya je ya yi ƙwai da a kashe shi. Wannan wata muhawarar ce mai zaman kanta.

Auta, Kano:
Ni tambayata daban. Yaya ya ce yakan tafi bayan an tashi aiki. Da dare ake kamun?

Baban Sadik, Ankorej:
Wane dare? A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Ankorej sai sha ɗaya da rabi ta wuce. Magariba a bakin ruwa muke yin ta in an kai, mu ninke wandon roba mu shimfiɗa riga. Wannan ma na cikin abin da ke ƙara taro, don mutum na iya tashi aiki ya yi tafiyar awa biyu ya kama kifinsa ya dawo ya yi ɗan barci ya koma aiki. Sai dai can cikin dare beyar ke fitowa.

Auta, Kano:
Innalillahi. Da beyar kuma?

Baban Sadik, Ankorej:
Sosai, kuma wannan ita ce hujjata ta biyu da Hajiya ba ta taɓa amsa min ba. Kowa ya kama kifi a bakin ruwa yake feɗe shi, ya yanke tsoka ya bar kai da ƙaya da kayan ciki. Mutum dubu su yi haka, ka tara wa beyar abinci a banza. Uwa ta koya wa 'ya'yanta cewa inda mutane suke nan abinci yake. A 2003 beyar ta kama wani matashi a hanyar Kogin Rasha ta makantar da shi. Yanzu doka ta ce jakarka kada ta yi nisa da kai fiye da ƙafa uku, kifin da ka kama kada ya wuce ƙafa goma sha biyu, ragowar kuma ko ka tafi da kifinka ɗungurungum, ko ka daddatsa ƙanana ka jefa inda ruwa ke gudu. A cikin taro wa ke bi? Kuma in beyar ta saba da mutane har ta fara ƙwace jaka, ita ake harbewa. Laifin wa?

Maman Hanif, Soldotna:
Laifin ƙazamai, kuma ƙazami ko shi kaɗai ne a kogi ƙazami ne. A ƙara jami'ai, a ci tarar mutum biyu a gaban jama'a ka ga in ba a shiryu ba.

Bari in gaya muku abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan. Ni ba na zuwa Kogin Rasha, homa nake yi a bakin Kenai inda ya shiga teku. Daga 10 zuwa 31 ga Yuli ake buɗewa, kuma sai wanda ya shekara cur a Alaska, baƙo ko sandar homar ba a yarda ya riƙe ba. Mai gida kifi 25, kowane mutum ɗaya a gidan ƙarin 10. Mu biyar ne, ku yi lissafi. Homar bakinta ya kai ƙafa biyar, ka shiga ruwa har ƙirji ka riƙe ta kana jira kifi ya buga. Cunkoson can ya ninka na Baban Sadik, tantuna a kan yashi ba masaka tsinke, ga ƙarni, ga tsuntsaye, hukumar gari sai ta sa motoci suna share kawunan kifi. Ba wanda zai ce maka wurin na da kyan gani. Amma ka dubi su wa ke wurin: 'yan Filifin, 'yan Samowa, Hmong, 'yan Sudan, sojoji, tsofaffin Turawa, mu. Kifin nan shi muke kyafewa mu yi banda, mu sa a firiza, mu ci har wata shekara, a garin da kuɗin cefane ke karya mutum. Ran da aka fara ƙayyade mutane a Kogin Rasha, shekara biyu ba za a yi ba wani zai ce a yi a bakin teku. Masu tarun kasuwa dama sun daɗe suna jin haushinmu.

Baba Bakabe, Argungu:
To ashe homa ta kai har can. Ɗiyata, Allah shi yi albarka. Ke ce masunciyar, sauran 'yan wasa ne.

Alhaji Direba, Niyok:
Baba ya raba gardama, hahaha. Amma ni ina sarkin salmon ɗin da ake ba mu labari? Ba a Kenai aka kama wanda ya fi kowanne girma ba?

Baban Sadik, Ankorej:
A nan ne. Les Anderson, mutumin Soldotna, ranar 17 ga Mayu 1985, kilo 44 da 'yan kai. Har yau ba a karya ba a kamun fatsa. Wannan kifin ne ya yi wa Kenai suna, ya jawo jirage da masu jagora da gidajen baƙi. Yau ina sarkin? A 2023 da 2024 an rufe kamunsa gaba ɗaya, ko ka kama ka saki ba a yarda ba. Shekara da shekaru ana zaɓar manya ana ɗauka, jirage ɗaruruwa suna shawagi a kan inda suke ƙwai. Yanzu ku ce min taro bai yi komai ba.

Baba Bakabe, Argungu:
Kilo 44? Giwan ruwan da ya ci gasa nan Argungu a 2020 kilo 78 ne. Ku gaishe da sarkinku.

Dakta, Abadin:
Baba ka bar mu mu ji da abin da ya dame mu. Baban Sadik, a nan ka fi ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Zaɓar manya shekaru da yawa ba zai rasa tasiri ba. Amma ka duba Kogin Yukon. Babu jerin masu fatsa kafaɗa da kafaɗa a can, ƙauyuka ne na 'yan asali masu kama na ci. Duk da haka sarkin ya rushe har Alaska da Kanada suka sa hannu a 2024 kan dakatar da kamunsa na shekara bakwai. Kusan ko'ina a jihar yana dawowa da ƙarancin yawa, da ƙarancin shekaru, da ƙaramin jiki. Abin da ya haɗa kogunan nan duka teku ne: ruwa ya ɗumama, ga gasar abinci da ɗimbin kifin da ake ƙyanƙyashewa ana zubawa, ga wanda manyan jiragen taru ke haɗawa da shi suna neman wani kifin. Masana na ta jayayya a kan wanne ya fi nauyi. Rajistar shiga Kogin Rasha ba za ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kuma ka ga abin da rufe sarkin ya haifar. Duk mai jagoran da a da yake kai baƙi kamun sarki, yanzu jan salmon yake kai su. Taron da ya rabu biyu ya koma wuri ɗaya. Masu kafa taru a gabashin Cook Inlet, mashigin tekun da Kenai ke zuba a ciki, kuwa, a 2023 ba su jiƙa taru ba ko sau ɗaya, don kada su haɗa da sarki, ga jan kifi na wucewa a gabansu.

Maman Hanif, Soldotna:
Maƙwabtana ne wasunsu. Duk da ba ma shiri a kan homa, na tausaya musu a shekarar nan. Gidaje ne da suka gaji sana'ar tun kakanni.

Shugaban zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, ba zagi ba gori, haka ake so. Abu ɗaya na ga ba a taɓo ba. Kafin Rasha da Amurka, wa ke da kogin?

Maman Hanif, Soldotna:
Mutanen Dena'ina, ranka ya daɗe, kuma suna nan, ƙabilar Kenaitze. Mahaɗar nan da Baban Sadik ke kuka a kai tsohon wurin kamun kakanninsu ne, akwai kufansu a tsallaken hanya da suke zagayawa da baƙi. Yau taru suke kafawa a bakin teku da izini na musamman da aka ba su tun 1989, da sunan koyar da yara al'ada. In akwai mai haƙƙin cewa an yi masa yawa a kogin nan, su ne, ba mu da muka zo jiya ba.

Baban Sadik, Ankorej:
Wannan ba gardama. Amma ban janye ba. Ku duka kun amsa min da kifi, ni kuwa ina maganar mutum. Akwai tsoho da ba zai iya turereniya ba, akwai mai son koya wa ɗansa. Sadik shekararsa tara, ba zan tsayar da shi inda dalma ke shawagi ba. Shi ba ɗan ƙasa ba ne? Buɗe wa kowa da ake faɗa, a aikace buɗe wa mai ƙarfin kafaɗa ne. To a bar rajistar kowace rana. A ware kwana biyu a mako, ko wani yanki guda, a yi shi da ƙuri'a kyauta, ba da kuɗi ba, don kada ya zama irin na su Alhaji.

Alhaji Direba, Niyok:
Ƙuri'a kyauta kam da dama-dama. In da kuɗi ne ka san inda za ta ƙare.

Maman Hanif, Soldotna:
Ka kai shi kamun salmon mai ruwan azurfa a watan Agusta da Satumba mana. Baƙi sun watse, makarantu sun koma, kuma shi wannan yana kai wa ƙugiya cafka da kansa, ba sai an yi ta fizga ba. Ko ka haura sama da ƙafa ta hanyar Kogin Rasha, yawancin mutane ba sa son tafiyar da ta wuce minti ashirin daga mota. Wuri na nan, kai dai kana son inda kifi ya fi yawa kuma kana son ka same shi ba kowa.

Baban Sadik, Ankorej:
Sama da ƙafa inda beyar ta fi yawa, da yaro? Hajiya ki ji tsoron Allah.

Maman Hanif, Soldotna:
To ga hanya. Majalisar kula da kamun kifi ta jiha tana karɓar shawara daga kowa, ko kai waye, kuma duk shekara uku take zama a kan yankinmu. Ta zauna a 2024. Ka rubuta taka ka aika. Ran da za a saurare ta ka gaya min, zan ɗauki hutu in zo in yi magana a kan kada a yarda.

Dakta, Abadin:
Ka shirya takarda biyu, Baban Sadik. Majalisar nan ikonta a kan kifi ne da lokaci da kayan kamu. Ƙasar da ake takawa a shiga mahaɗar, da fito, da wurin ajiye motoci, na gwamnatin tarayya ne, gefe ɗaya Gandun Dajin Chugach, ɗaya gefen Gandun Namun Daji na Kenai. Maganar ƙofa da ƙuri'a wajensu za ka kai.

Baban Sadik, Ankorej:
Zan rubuta duka biyun. Dakta ka duba min turancin. Hajiya, in za ki zo yi min adawa ki taho da banda, ta bara ta ƙare.